Madarar Sanlu da Lissafin Kashi 66 Cikin Ɗari

Ranar 16 ga Satumba, 2008, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasar Sin ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa madarar gari ta jarirai. An binciki kayan kamfanoni 109, aka samu sinadarin melamin a madarar 22 daga cikinsu. Wanda abin ya fi muni a kayansa shi ne Sanlu, babban kamfanin da ke birnin Shijiazhuang a lardin Hebei, wanda talakawa suka fi saye saboda araha. A wani samfurin madararsa an samu miligiram 2,563 na melamin a kilo guda. Kafin ƙura ta lafa, alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna cewa yara kusan 300,000 ne abin ya taɓa, an kwantar da sama da 50,000 a asibiti, shida kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Melamin ba abinci ba ne, bai ma yi kusa da abinci ba. Farin gari ne da masana'antu ke haɗawa da wani sinadari mai suna fomaldihaid su yi robar nan mai tauri da ake faranti da kofuna da fuskar tebur da ita. Ba ya ƙara wa madara daɗi, ba ya sa ta daɗe ba ta lalace ba, jikin mutum kuma ba ya amfana da shi ko kaɗan. Abin da ya kai shi cikin gwangwanin jarirai lamba ɗaya ce, wadda duk ɗalibin babbar sakandare da ya zauna a ajin kemistiri zai iya fitarwa da fensir cikin 'yan mintoci: kason naitirojin da ke cikinsa.

Yadda ake fitar da lambar

Tun ƙarshen ƙarni na 18 masanin nan na Faransa, Joseph Proust, ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen sinadari, in dai tsantsarsa ne, yana ɗauke da abubuwan da suka haɗa shi a ma'auni ɗaya da ba ya canjawa. Ruwan rijiya da ruwan sama, in an tace su tas, kason haidirojin da oksijin ɗinsu ɗaya ne. A kan wannan ƙa'ida lissafin ya ginu. In ka san fomular sinadari, ka san nauyin ƙwayar zarrar kowane abin da ke ciki, sauran aikin tarawa ne da rabawa.

Fomular melamin ita ce C3H6N6. Wato a kowace ƙwaya tasa akwai kabon uku, haidirojin shida, naitirojin shida. Jadawalin sinadarai ya ba mu nauyin kowanne: kabon 12.01, haidirojin 1.008, naitirojin 14.01. Sai a ninka kowane nauyi da adadin ƙwayoyinsa. Kabon uku sun ba da 36.03, haidirojin shida 6.05, naitirojin shida kuma 84.04 in an yi amfani da cikakken nauyinsa na 14.007. In aka tara, nauyin melamin gaba ɗaya ya kama 126.12. Yanzu a ɗauki rabon naitirojin, a raba da jimilla, a ninka da ɗari:

84.04 ÷ 126.12 × 100 = 66.6

Kashi biyu cikin uku na nauyin melamin naitirojin ne. Kabon ya tashi da kashi 28.6, haidirojin da kashi 4.8, kuma in ka haɗa ukun za su ba ka ɗari cif, wanda shi ne hanyar da ɗalibi ke gane ko ya yi kuskure.

A nan ne da yawa ke zamewa, don haka bari in ɗan tsaya. Ƙwayoyin zarra 15 ne a melamin, shida daga ciki naitirojin, sai mai gaggawa ya ce kashi 40 ke nan. Ai kuwa haidirojin ma shida ne, amma ko kashi biyar bai kai ba. Lissafin na nauyi ne, ƙirga kawuna ba ya cikinsa, kuma ƙwayar naitirojin ɗaya ta ninka ta haidirojin nauyi kusan sau goma sha huɗu. Wuri na biyu da ake faɗuwa shi ne baka, wato alamar ( ) da ke cikin fomula. Yuriya, takin nan da manomi ya sani, ana rubuta ta CO(NH2)2. Biyun da ke wajen baka ta shafi duk abin da ke ciki, don haka naitirojin biyu ne, haidirojin huɗu. Jimillar nauyinta 60.06, na naitirojin 28.01, kaso ya kama 46.6. Ita ce lambar 46 ɗin nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin buhu, kuma ma'anarta buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Takin amoniyam salfet kashi 21 yake da shi, amoniyam naitiret kuma 35. A jera su kusa da 66.6 na melamin, za a ga dalilin da ya sa idon masu algus ya faɗa kansa. Daga yuriyar ma ake yin melamin ɗin a masana'anta, shi ya sa yake da araha a duk inda ake yin taki da yawa.

Gwajin da ba ya ganin furotin

Darajar madara a wajen mai saye tana cikin furotin ɗinta da maiƙonta. Sai dai auna furotin kai tsaye abu ne mai wuya, domin furotin iri-iri ne, manyan ƙwayoyi ne masu sarƙaƙiya. A shekarar 1883 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, wanda ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Kofanhagin kan furotin da ke cikin hatsi, ya fito da wata dabara. A cikin manyan abubuwan da suka haɗa abinci, wato sitaci da sukari da maiƙo da furotin, kusan furotin kaɗai ke ɗauke da naitirojin. To maimakon a bi furotin, sai a auna naitirojin, a yi lissafi a koma baya.

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Ana awon ɗan samfuri a zuba a doguwar kwalba, a ƙara masa asid ɗin salfa mai ƙarfi tare da wasu gishirai da ke gaggauta aikin, a ɗora a wuta. Da farko abin yakan yi baƙi ƙirin yana kumfa, can sai ya washe ya koma ruwa garai-garai. A lokacin duk abin da ke cikin samfurin ya wargaje, naitirojin ɗin ya koma gishirin amoniyam. Sai a zuba masa soda mai ƙarfi, iskar amoniya ta tashi da tururi, a tare ta cikin wani ruwan asid mara ƙarfi, sannan a riƙa ɗiga asid da aka san ƙarfinsa har launin ruwan ya juya. Yawan abin da aka ɗiga shi ke faɗin yawan naitirojin.

Daga nan sai lissafin kaso ya sake shigowa, amma ta baya. Yawancin furotin na ɗauke da naitirojin kimanin kashi 16. In aka raba 100 da 16 za a samu 6.25, don haka ake ninka naitirojin da 6.25 a ce ga furotin. Furotin na madara nasa kason ya ɗan gaza haka, wajen 15.7, shi ya sa a madara da 6.38 ake ninkawa. An shafe sama da shekara ɗari ana aiki da wannan hanya a duniya, da ita da wata ta ƙona samfuri mai ɗauke da sunan Jean-Baptiste Dumas na Faransa, kuma a gaskiya hanyoyi ne nagari, masu ba da amsa iri ɗaya ko sau nawa aka maimaita.

Matsalar tana cikin asid ɗin nan da ke wargaza komai. Bayan ya gama aikinsa, babu wanda zai iya cewa wannan naitirojin daga furotin ya fito, wancan daga wani abu dabam. Ninkawa da 6.38 zato ne aka gina a kan amana, cewa duk naitirojin da ke cikin madara na madarar ne. Ranar da wani ya zuba naitirojin daga waje, gwajin zai ƙirga shi da gaskiyarsa, lissafi kuma ya naɗa masa rawanin furotin.

Yanzu a haɗa lambobin biyu. Giram ɗaya na melamin na ɗauke da giram 0.666 na naitirojin. A ninka da 6.38, ya ba da 4.25. Kowane giram na melamin yana bayyana a takardar gwaji a matsayin giram huɗu da kwata na furotin, alhali ko ƙwaya ɗaya ta furotin babu a cikinsa.

Daga rugar makiyayi zuwa tankar kamfani

A shekarun da suka gabaci 2008 cinikin madara ya bunƙasa da sauri a ƙasar Sin, fiye da yadda shanu da abincinsu suka bunƙasa. Yawancin madarar tana fitowa ne daga ƙananan masu kiwo, mai saniya uku, mai biyar. Ba su kai wa kamfani kai tsaye. A tsakani akwai tashoshin tattara madara, da yawansu na 'yan kasuwa masu zaman kansu, su ke tatsa ko su saya, su tara a tanki, su sayar wa kamfanoni irin su Sanlu. A 2007 da 2008 abincin dabbobi ya yi tsada, gwamnati kuma ta sa ido kan farashin kayan abinci don kada ya tashi. Mai kiwo ya matsu, saniyar da ba ta ƙoshi ba kuwa madararta ba ta kauri.

Ƙa'idar ƙasar a lokacin ta ce ɗanyar madara sai ta kai giram 2.95 na furotin a kowane giram 100. Akwai dalilin da ya sa ake ɗaukar wannan lamba da zafi. A 2004 a Fuyang da ke lardin Anhui, jabun madarar jarirai da kusan babu furotin a cikinta ta kashe yara fiye da goma saboda tamowa. Tun daga nan lambar furotin ta zama ƙofar da kowace tanka sai ta bi.

Surka madara da ruwa tsohon algus ne, kowace ƙasa da ake tatsar saniya an san shi. Abin da ke tona asirinsa shi ne furotin ya faɗi ƙasa. Mu ɗauki misali don a ga girman abin. Mutum na da madara kilo 100 mai furotin kashi 3.2, wato kilo 3.2 na furotin. Ya ƙara ruwa kilo 20, ta zama kilo 120, furotin ɗin kuma yana nan yadda yake. Kaso ya sauka zuwa 2.67, ba za ta wuce ba. Don ta kai 2.95 ana bukatar gwaji ya ga kilo 3.54, saura giram 340 ke nan. A raba 340 da 4.25, ya ba da 80. Melamin giram 80, abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, ya isa ya mayar da ruwa kilo 20 kuɗin madara. Kuma fari ne, ba shi da wari, ɗanɗanonsa bai taka kara ya karya ba. Yuriya da za ta iya yin irin wannan aiki akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ke kama ta. Melamin babu mai nemansa.

Abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Ana haɗa melamin da wani garin sitaci, a zuba a buhu, a sayar wa tashoshin madara da sunan "garin furotin". Wani mutum mai suna Zhang Yujun, kotu ta same shi da yin sama da tan 770 na wannan gari, ya kuma sayar da fiye da tan 600. Mai yiwuwa wasu daga cikin masu zubawa a tanki ba su san me ke cikin buhun ba, sun dai san yana sa madara ta wuce. Amma wanda ya fara tunanin haɗa shi ya san kemistiri, ya yi lissafin da muka yi a sama kafin mu.

Abin da ya faru a ƙodar jarirai

Melamin ba irin gubar da ke kashewa nan take ba ce. Jiki ba ya narkar da shi, ƙoda ce ke tace shi ya fita da fitsari kusan yadda ya shiga. Amma ba ya narkewa sosai a ruwa, giram uku da 'yan kai kawai a lita. In ya yi yawa a fitsari sai ya haɗu da asid ɗin yurik, wanda fitsarin jarirai ke da shi da yawa, su dunƙule su zama yashi da tsakuwa. Hanyoyin fitsarin jariri sirara ne. Iyaye suka fara ganin yaro na tsala kuka in zai yi fitsari, fitsarin ya ragu ko ya zo da jini, wani ma ya ɗauke gaba ɗaya, ƙoda ta kumbura ta daina aiki.

Babban mutum in ya sha madara mai melamin, ɗan ƙaramin ɓangare ne na abincinsa. Jaririn da ke kan gwangwani ba shi da wani abinci sai ita, safe da rana da dare. A watan Disamba na 2008 ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a Ottawa suka tsayar da cewa abin da jiki zai iya jurewa a rana shi ne miligiram 0.2 a kowane kilo na nauyin mutum. Jariri mai kilo biyar, miligiram ɗaya ke nan a yini. In ya sha giram 100 na garin nan mai 2,563, ya sha miligiram 256. Haka jiya, haka yau, har tsawon watanni.

A juya lambar ta ɗaya fuskar kuma. Miligiram 2,563 in aka ninka da 4.25 ya ba da kusan giram 11 na furotin na ƙarya a kilo, wato kashi ɗaya da ɗigo ɗaya cikin ɗari. Ribar da aka saya da ƙodar yara ke nan, ɗan ƙarin kashi ɗaya a kan takarda.

Watannin da aka yi shiru

Ɓangaren nan ne ya fi tsaya mini a rai, domin babu ruwansa da ƙarancin ilimi. Binciken da gwamnatin ƙasar ta yi daga baya ya nuna cewa tun Disamba 2007 koke ya fara isa Sanlu. A tsakiyar Yuli 2008 hukumomin lafiya na lardin Gansu suka samu rahoton jarirai 16 masu tsakuwar ƙoda, dukkansu madara ɗaya suke sha. A farkon Agusta gwaji ya tabbatar wa kamfanin cewa melamin ne. Ranar 2 ga Agusta aka sanar da Fonterra, kamfanin madara na Nuzilan da ke da kashi 43 na hannun jarin Sanlu, aka kuma sanar da hukumomin birnin Shijiazhuang. Saura kwana shida a buɗe gasar Olamfik a Beijing. Aka zaɓi a janye kayan a ɓoye daga hannun dillalai, ba a gaya wa iyaye komai ba, masana'anta kuma ba ta tsaya ba. A kotu an bayyana cewa daga 2 ga Agusta zuwa 12 ga Satumba kamfanin ya ƙara yin sama da tan 900 na madara mai melamin, ya sayar da fiye da tan 800.

Sai a farkon Satumba maganar ta isa ga shugabannin gwamnatin Nuzilan. Firaministar Nuzilan, Helen Clark, ta ba da umarni a tsallake hukumomin lardi a gaya wa Beijing kai tsaye. Ranar 11 ga Satumba aka sanar da janye madarar a fili. Daga nan abin ya bazu: an samu melamin a madarar ruwa, a alawar White Rabbit, a cakulan da biskit da aka yi da madarar Sin, har a ƙwai saboda abincin kaji. An gano cewa madarar wasu daga cikin kamfanonin ta riga ta isa Bangaladash da Myanmar da Yaman da Burundi da Gabon. Ƙasashe da dama suka rufe ƙofa.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. A watan Maris na 2007 an janye ɗimbin abincin karnuka da kuliyoyi a Amurka da Kanada bayan dabbobi sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Da aka bi sawu, sai aka tarar da melamin da ɗan'uwansa asid ɗin sayanurik a cikin garin alkama da aka shigo da shi daga Sin a matsayin mai yawan furotin. Dabara ɗaya, lissafi ɗaya, shekara guda da rabi kafin Sanlu. Duk wanda ke sayen kaya a kan lambar naitirojin ya ji wannan labari. Ga shi kuma Sanlu na cikin kamfanonin da hukuma ta yafe wa binciken yau da kullum saboda an ce kayansu sun yi suna. Sai bayan abin ya fashe aka soke wannan tsari na yafiya ga kayan abinci.

Hukunci ya zo da sauri. Shugaban hukumar ingancin kayayyaki, Li Changjiang, ya ajiye aiki a watan Satumbar. A Janairun 2009 kotu ta yanke wa shugabar Sanlu, Tian Wenhua, ɗaurin rai da rai. Zhang Yujun da wani mai tashar madara, Geng Jinping, aka yanke musu hukuncin kisa, aka zartar a Nuwamba 2009. Sanlu ya karye. Diyyar da aka tsara a kuɗin Sin ita ce yuwan 200,000 ga wanda ɗansa ya rasu, 30,000 ga mai ciwo mai tsanani, 2,000 ga sauran, abin da iyaye da yawa suka ga bai kai ba. Ɗaya daga cikinsu, Zhao Lianhai, wanda ya haɗa kan iyayen don neman haƙƙinsu, shi ma ɗauri aka yanke masa a 2010.

Iyakar abin da kaso ke faɗa

Ban ga laifin Kjeldahl ba, ban kuma ga na lissafin ba. Gwajin an tambaye shi naitirojin nawa ne, ya faɗi gaskiya. Gurbin yana wajen fassara amsar. Daga fomula zuwa kaso hanya ce miƙaƙƙiya, amsa ɗaya tak take da ita. Daga kaso a koma a ce ga sinadarin da ke ciki, nan hanya ta rabu da yawa. Misalin da na fi so shi ne wannan: sukarin gulukos, C6H12O6, da asid ɗin da ke sa binega tsami, C2H4O2, da fomaldihaid da ake adana gawa da shi, CH2O. A yi wa kowanne lissafi, za a samu kabon kashi 40.0, haidirojin 6.7, oksijin 53.3, babu bambanci ko na ɗigo. Ɗaya abinci ne, ɗaya kayan miya, ɗaya guba. In cikakken lissafin abubuwa uku bai iya raba waɗannan ba, ina ga lambar naitirojin ita kaɗai a cikin gauraye irin madara?

Abin takaicin shi ne maganin yana hannu tun kafin ciwon. Masu gwajin madara sun daɗe da sanin cewa ko madara tsantsa tana da ɗan naitirojin da ba na furotin ba, kimanin kashi biyar na jimillarsa, yawanci yuriyar da jikin saniya ke yi. Suna da hanyar raba su: a zuba wani asid da ke sa furotin ya daskare ya kwanta, a tace, a auna naitirojin da ya rage a ruwan. Melamin ba ya kwantawa tare da furotin, a ruwan yake zama. A misalinmu na kilo 120, naitirojin na madarar gaskiya wajen giram 500 ne, wanda ba na furotin ba a ciki wajen giram 25. Melamin giram 80 zai ƙara giram 53 a kai, lambar ta ninka sau uku, kowa ya gani. Tun shekarar 2000 tsarin farashin madara na tarayya a Amurka ya koma biya a kan furotin na haƙiƙa. Ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, shi ya sa a wurare da yawa aka tsaya a gwaji mai sauƙi.

Wannan iyaka ta shafi buhun takin da muka ambata. Tunda yuriya tsantsa ba ta wuce 46.6, duk buhun da gwaji ya nuna ya faɗi ƙasa sosai da 46, an tabbatar akwai abin da aka cusa a ciki. Lissafin kaso ya iya kama irin wannan algus, na wanda ya rage. Wanda ya cika lambar da wani abu dabam, sai an tafi neman abin da sunansa.

Haka aka yi wa melamin bayan 2008. Ɗakunan gwaji suka koma amfani da na'urorin da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya su gane kowanne da nauyin ƙwayarsa. Sin ta kafa sabuwar dokar kiyaye abinci da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2009. Duk da haka a 2010 an sake kama tsohon garin 2008, wanda ya kamata a ce an lalata, ya dawo kasuwa ta bayan gida. A shekarar ce kuma aka sauke ƙa'idar furotin ta ɗanyar madara daga 2.95 zuwa 2.8. Masu goyon baya suka ce in ƙa'ida ta fi ƙarfin saniyar talaka, ita ke tura shi ga algus. Masu suka suka ce an saukar da inganci ne kawai. Ina ganin kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma rage lambar bai taɓa ainihin gurbin ba, gwajin da ke neman melamin da sunansa shi ya toshe shi. Amanar iyaye kuwa ta daɗe ba ta dawo ba. Sun yi ta tsallakawa zuwa Hong Kong suna kwashe madarar waje, har a 2013 Hong Kong ta hana fita da fiye da gwangwani biyu.

A 2010 hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta sa iyaka: miligiram 1 a kilo ga madarar gari ta jarirai, 2.5 ga sauran abinci. Wani zai ce me ya sa ba sifili ba? Saboda ɗan ɓurɓushin melamin kan shiga abinci ba da gangan ba, daga robar da aka zuba shi ko daga wani maganin ƙwari mai suna sairomazin da ke rikiɗewa ya koma melamin. Lissafin kason ne ya nuna cewa iyakar ta raba tsautsayi da ganganci. Miligiram 2.5 in aka ninka da 4.25 bai wuce miligiram 11 na furotin na ƙarya a kilo ba, wato kashi 0.001 cikin ɗari, abin da ba zai ƙara wa kowa ko kwabo ba. Mai son ya ɗaga furotin da ɗigo ɗaya kacal, daga 2.8 zuwa 2.9, sai ya zuba wajen miligiram 235 a kowane kilo, wanda ya ninka iyakar sama da sau casa'in.